Ƙwan sigina na LED: wata biyu da shi a motata

Ban san ƙwan ya ƙone ba sai da wani mai keke-napep ya kusa shigar min a Kawo, cikin Kaduna, ya leƙo yana cewa, "Baba, motar ba ta da sigina ne?" Na kunna kuwa. Ashe ta gaba ta dama ce ta mutu. Kwana biyu kibiyar dashbod tana ƙiftawa da sauri kamar mai gaggawa, ni kuma na ɗauka rigimar tsufa ce, don Peugeot 406 ɗin tawa ta ga jiya ta ga yau.

Washegari na shiga kasuwar Fanteka hannu rabbana, ban cire tsohon ƙwan ba. Laifina ne wannan. Yaron shagon ya miƙo min ƙwai mai lamba P21W, na biya, na zo gida na yi ta murɗawa ya ƙi zama. Da na duba gindin tsohon sai na ga PY21W. A ido kamar tagwaye, duka wat 21 ne, amma ƙusoshin nan biyu na gindin P21W suna fuskantar juna, na PY21W kuma ɗaya ta ɗan kauce. Ga launi: gilashin fitilata fari ne, dole ƙwan ya zama ruwan lemo. Mai gilashi ruwan lemo shi ne zai sa farin ƙwai.

Mai shagon ya karɓi kayansa ba gardama, wannan na yaba masa. Shi ya nuna min irin 7440 da ake samu a motocin Japan da yawa, wanda ba shi da gindin ƙarfe, cusa shi ake yi. Ya kuma ce in riƙa duba volt, don na manyan motoci 24 ne, in ka sa shi a ƙaramar mota mai 12 sai ya yi haske kamar aci-balbal. Daga nan ya shawo kaina na ɗauki ƙwan LED, na zamanin nan mai ƙarancin cin wuta, guda biyu.

Haske dai ba magana. Da rana tsaka a Ahmadu Bello Way ana ganinsa, cikin hazo ma haka. Matsalar ita ce ƙiftawar nan mai sauri ta dawo, yanzu kuma hagu da dama. Mai rewaya na a Kurmin Mashi ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ƙwan ba ya cin wuta, shi ya sa motar take ganin kamar ya ƙone." Ya ɗaura rezista, wato 'yar na'urar da ke jan wuta kamar tsohon ƙwan, mai om 6, wat 50, a kowane gefe, ya ƙulle su jikin ƙarfe nesa da roba da waya, domin zafi suke yi sosai. Ƙiftawa ta daidaita. Sai dai wutar da aka ce LED na tattalawa, ga rezista can tana cinye ta, ga kuɗin aiki da mai shago bai ambata ba.

Wata biyu ke nan bai ba ni matsala ba, ramukan hanyar Rigasa ma ba su taɓa shi ba. Amma in an tambaye ni, wanda ba ya son a yanka masa waya ya tsaya a kan ƙwan da motar ta zo da shi. Na baya ban taɓa su ba. Ƙonannen nan kuwa na naɗe shi a takarda na ajiye a mota, shi zan riƙa miƙa wa mai shago.