'Yan mishan ɗin Sifaniya: na Meziko da na ƙasar Guarani

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko da ƙarfin bindiga 'yan mishan ɗin Sifaniya suka shigar da 'yan asalin nahiyar Amurka cikin Katolika, ko kuwa da wa'azi da lallashi. Ya danganta da inda ka duba. Bari mu ɗauki wuri biyu: 'yan ɗariƙar Faransiskan a Meziko, da 'yan ɗariƙar Jesuwit a ƙasar al'ummar Guarani, wadda a yau ta rabu tsakanin Faraguwai da Ajantina da Burazil.

A Meziko takobi ne ya share wa wa'azi hanya. Hernán Cortés ya ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521, sai a 1524 'yan Faransiskan goma sha biyu suka iso ƙarƙashin Martín de Valencia. Sun tarar da jama'a mai ɗimbin yawa wadda aka karya sarakunanta, agana kuma ta yi mata ɓarna. Aikin sai ya zama na sari: a yi wa taro guda baftisma a yini ɗaya, a rushe wurin bauta a gina coci da duwatsunsa, a kwashe 'ya'yan sarakuna a sa su makaranta don su koma su juya iyayensu. Wanda aka riga aka yi wa baftisma, in ya waiwayi addinin kakanninsa, hukunci ne ke jiransa. A 1539 bishop Zumárraga ya sa an ƙone wani basaraken Texcoco mai suna Don Carlos. A 1562 kuma, a garin Maní na Yucatán, Diego de Landa ya azabtar da mutanen Maya, ya cinna wa littattafansu wuta.

Amma a cikin ɗariƙar nan ce aka sami Bernardino de Sahagún, wanda ya ƙware a Nahuatl, harshen Aztek, ya zauna da dattawa yana rubuta al'adunsu dalla-dalla. Niyyarsa ya san tsohon addinin don ya tumɓuke shi. Ga shi yau kundinsa na cikin manyan madogaran masu nazarinsa.

Na Jesuwit daban ne tun daga tushe. Wajen 1610 suka fara, a bakin iyaka, inda sojan sarkin Sifaniya bai da ƙarfi. Tunda ba rundunar da za ta tilasta wa kowa, dole su zo da abin da Guarani ke bukata, wato kariya. Mutumin da ya shiga garin mishan ya kuɓuta daga aikin dole a gonakin Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Harajinsa kai tsaye ga sarki yake biya. Ga kuma maharan bayi daga São Paulo ta Burazil da ke kwashe mutane dubbai. A 1631 Antonio Ruiz de Montoya ya yi hijira da mutum kusan 12,000 don guje musu, da yawa suka mutu a hanya. Daga baya aka bar Guarani su riƙe bindiga, kuma a 1641 suka fatattaki maharan a Mbororé. A nan bindigar tana hannun ɗan ƙasa, abin da ba ka cika gani a mulkin Sifaniya ba.

Garuruwan sun kai talatin, mutanensu sun haura 140,000 a 1732, kowane gari galibi da fada biyu kacal. Da Guarani ake wa'azi, da shi ake koyarwa, ana kiwon shanu, ana sayar da ganyen shayin da ake kira mate. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Ƙararrawa ce ke tsara yinin mutum, bulala na nan, an hana auren mace fiye da ɗaya, an kori bokaye.

Inda suka haɗu, a ganina, ya fi inda suka rabu nauyi: dukkansu sun ɗauki ɗan ƙasa yaro ne da ba zai taɓa girma ba. A Meziko an buɗe wa 'ya'yan 'yan ƙasa kwalejin Tlatelolco a 1536, yaran suka iya Latin, amma a 1555 majalisar cocin ƙasar ta haramta naɗa ɗan asali fada. A garuruwan Jesuwit ma, cikin shekara ɗari da hamsin, ragamar coci ba ta bar hannun baƙi ba.

Kariyar kuma ta sarki ce, yana iya janye ta. A yarjejeniyar Madrid ta 1750 Sifaniya ta miƙa wa Fotugal bakwai daga garuruwan. Guarani suka ƙi tashi, sojojin ƙasashen biyu suka haɗu suka murƙushe su a 1756. A 1767 Sarki Carlos na Uku ya kori 'yan Jesuwit daga duk ƙasashensa, garuruwan suka shiga watsewa, mutanensu da yawa suka koma ƙwadago a birane da gandayen shanu.