Ruwan Haɗin Bitamin B ga 'Yan Agwagi Masu Ciwon Ƙafa: Abin da Ya Yi Mini da Abin da Ya Kasa

'Yan agwagina goma sha huɗu ne, farare irin Fekin, kuma kwanansu goma sha bakwai da ƙyanƙyasa lokacin da na lura ɗaya ta daina bin 'yan uwanta. Duk wanda ya taɓa kiwon agwagi ya san halinsu: da ka taɓa mazubin abinci za su taso gaba ɗaya, wannan na taka wancan. Ita kuwa sai ta yunƙura, ta yi taku uku ko huɗu ƙafafunta na karkarwa, ta koma ta zauna daɓas. Ci tana ci, amma daga zaune. Washegari suka zama biyu. Kafin kwana biyar sun kai huɗu, kuma babbar cikinsu, wadda na fi jin daɗin girmanta, gwiwarta ta kumbura, ƙafafun sun fara buɗewa kamar baka, sai ta dogara da fikafikai kafin ta isa wurin ruwa.

Na ɗauki biyu na kai wa likitan dabbobi. Bai fara da duba ƙafar ba, tambaya ya fara yi mini: "Malam, me kake ba su?" Na ce abincin 'yan tsaki, na buhu, mai kyau. Ya ce to, nan gizo ke saƙar. Ya lalluba gwiwoyin, ya danna bakin kowacce ya ji ko ya yi laushi, ya duba idanu da kashinsu, sannan ya ce ƙarancin niyasin ne, wato bitamin B3, ya rubuta mini abin da zan nema. Abin da na yi amfani da shi ke nan na tsawon mako uku, kuma a kansa nake wannan sharhi.

Ruwan haɗin bitamin B ne mai ƙarfi, cikin kwalba mai duhu, irin wanda aka yi don yi wa shanu da tumaki allura. A jikin kwalbar an rubuta cewa kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 100 na niyasinamaid, wanda wani nau'in niyasin ne, tare da B1 da B2 da B6 da B12. Ni ban yi wa ko ɗaya allura ba. Likita ya ce ta baki zan ba su, rabin mililita ga kowacce mara lafiya, sau ɗaya a rana. Wannan awo nasa ne, bisa girman nawa agwagin da ƙarfin wannan kwalbar, don haka kada wani ya ɗauke shi ya ɗora a kan wata kwalbar da bai karanta ba.

Kafin in zo kan sakamako, ina so in tsaya a kan dalilin ciwon, domin fahimtarsa ta fi mini maganin amfani. Na daɗe ina ɗauka agwagwa da kaza abu ɗaya ne a wajen ci, bambancinsu kawai son ruwa. Ashe ba haka ba ne. Jikin tsuntsu yana iya sarrafa niyasin daga wani sinadarin furotin da ake kira tiriftofan. Kaza tana yin hakan gwargwado, amma hantar agwagwa tana da yawan wani sinadari da ke karkatar da tiriftofan ɗin zuwa wata hanya daban, sai ya zama kaɗan ne ƙwarai yake komawa niyasin. Dole ta same shi a shirye cikin abinci. A jadawalin abincin kaji da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1994, an sa wa ɗan agwagwa miligiram 55 na niyasin a kowane kilo na abinci, ɗan tsakon kazar nama 35, na kazar ƙwai kuma 27. Ga kuma wata matsalar: yawancin abincin buhu masara ce ginshiƙinsa, niyasin ɗin da ke cikin masara kuwa a ɗaure yake, hanji ba ya iya zuƙe mafi yawansa. Sai a haɗa wannan da saurin girman Fekin, wadda kan kai kusan kilo uku cikin mako bakwai. Jiki yana ta ƙara nauyi, ƙafa ba ta samu abin da za ta ƙarfafa da shi ba. Shi ya sa ba ƙananan ne suka fara zubewa ba, manyan ne, masu ci da yawa.

Ranar farko na yi kuskuren da nake jin da yawa suna yi: na ga ba su magani ɗaya bayan ɗaya wahala ne, sai na zuba a ruwan shansu. Ruwan ya koma rawaya shar, na ji daɗi. Bayan awa biyu na dawo na tarar rabinsa yana ƙasa, sauran ya cakuɗe da abinci ya zama taɓo. Agwagwa ba shan ruwa kawai take yi ba, wanke baki take, ta tsoma hanci, ta watsa, ta shiga idan ta samu hali. Masu lafiyar su ne suka yi wasa da maganin, marasa lafiyar kuwa, da ba sa iya zuwa mazubi sai da ƙyar, ba su samu komai ba. Daga ranar na koma bin umarnin likita yadda ya faɗa.

Da sirinji marar allura nake awo. Na gwada ɗiga musu a gefen baki, digo ɗaya ɗaya, ina jira su haɗiye. Yana yiwuwa, amma sai da natsuwa, domin ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, idan ka matsa sirinji da ƙarfi ruwan zai iya wucewa huhu, kuma wannan kaɗai yana kashe ɗan agwagwa. Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce in ware mara lafiyar ita kaɗai da safe lokacin da take jin yunwa, in jiƙa abinci cokali ɗaya, in zuba awon a kai, in tsaya har ta cinye. Maganin yana da wari mai ƙarfi, ni kaina ba na son sa, amma su ko a jikinsu. Ba wadda ta taɓa ƙin ci.

Ban ga komai ba a kwana biyun farko, kuma hankalina ya tashi. Ran na uku da safe, wadda ta kamu daga baya ta miƙe ta tsaya cak, babu karkarwa, ta taka har mazubin ruwa. Ran na biyar biyu suna bin garke, ko da yake sukan zauna su huta fiye da sauran. Wadda ta fara kamuwa ta ɗauki kwana tara kafin ɗingishinta ya tafi. Waɗannan ukun yau ba za ka iya ware su daga sauran ba. Ban taɓa sayen wani abu na kiwo da ya nuna aikinsa ƙarara haka ba, kuma a wannan fannin ba ni da abin da zan ce sai yabo.

Babbar ce labarinta ya bambanta. Kumburin gwiwar ya sauka, ƙarfinta ya dawo, ta daina jan jiki da fikafikai. Amma ƙafar dama ta riga ta lanƙwashe, kuma haka ta tsaya. Na ci gaba da ba ta maganin har mako uku cur, ina sa rai, ƙashin bai miƙe ba. Da na koma wurin likita ya ce mini bitamin yana tsayar da ɓarna, yana ba jijiya da tsoka ƙarfi, amma ƙashin da ya girma a karkace ba ya komawa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin kwana biyar ɗin da na yi ina cewa bari in ga gobe su ne suka ci ƙafar. Duk wanda ya ga ɗan agwagwansa yana yawan zama alhali 'yan uwansa na yawo, kada ya jira ya ga gwiwa ta kumbura.

Akwai abin da na haɗa da maganin da nake ganin ya taimaka sosai. Kullum nakan zuba ruwa mai ɗumi a baho, in sa marasa lafiyar su yi iyo na minti biyar zuwa goma ina tsaye a kansu. A cikin ruwa nauyin jiki ba ya kan ƙafa, sai ka ga wadda ba ta iya taku biyu a ƙasa tana tuƙi da ƙafafu kamar lafiyarta ƙalau. Sai dai ɗan agwagwar da ba uwa ce ta rene shi ba gashinsa yana jiƙewa sharkaf, yana iya gajiya ya nutse ko sanyi ya kama shi, don haka ba na barin su ko na ƙiftawar ido, kuma da sun fito nake tsane su da tawul in mayar da su wurin ɗumi. Na kuma matso da ruwa da abinci kusa da su, na canza shimfiɗar zuwa wadda ba ta santsi.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba a kwalbar su ne waɗannan. Ba a ambaci agwagwa ko wani tsuntsu a jikinta ko sau ɗaya ba, balle awon bayarwa ta baki. Wanda ba shi da likita a kusa zai yi ta lalube ne, kuma ruwa mai ƙarfi irin wannan ba abin zubawa da ka ba ne. Gaskiya ne bitamin B yana narkewa a ruwa, jiki yana fitar da rarar, amma wannan ba lasisin wuce gona da iri ba ne. Lissafi ma ya nuna haka: ɗan agwagwar da ke cin giram 100 na abinci a rana, buƙatarsa ta niyasin a rana ba ta wuce miligiram biyar da rabi ba, alhali rabin mililita na wannan ruwan yana ɗauke da miligiram 50. Na biyu, murfin na roba ne da aka yi don allura ta huda, sai ka nemi allura ka zuƙo, ka cire ta, sannan ka ba su. Na uku, yana ɓata hannu da tufafi da rawaya, kuma haske yana lalata B2 ɗin da ke ciki, dole a ajiye shi a wuri mai duhu da sanyi.

Sauran goman da ba su nuna alama ba ban ba su wannan ruwan ba. Garin yis ɗin da aka kashe, wanda ake sayarwa don ƙarin abinci, shi na riƙa barbaɗa musu, cokali babba ɗaya a kan kofi ɗaya na abinci, in ɗan yayyafa ruwa don ya manne, in ba haka ba garin yakan sauka ƙasan mazubi su bar shi. A kula, ba yis mai rai na kwaɓin fulawa ba, wannan yana iya kumbura musu ciki. Ko ɗaya cikin goman ba ta kamu ba. A ganina garin ya fi dacewa da rigakafi, ruwan kuma da wadda ta riga ta kwanta, domin wadda ba ta iya zuwa mazubi ba za ta ci garin da zai ishe ta ba. Wanda kuma ƙwayar niyasin ta mutane ce kawai ya samu, ya nemi gangariya, ya guji wadda aka rubuta tana narkewa a hankali ko wadda aka ce ba ta sa fata yin ja.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa niyasin kowane ciwon ƙafa. Da na ba da labarin nawa, wani mai kiwo ya saya ya yi ta ba nasa, ba su tashi ba, ashe nasu ciwon daban ne. Ɗan agwagwar da ƙafafunsa suka tale gefe da gefe tun kwanakin farko, galibi santsin shimfiɗa ne, kamar takarda ko leda, maganinsa a ɗaure ƙafafun biyu da bandeji a daidai faɗin tsayuwarsa na 'yan kwanaki. Idan baki ya yi laushi yana lanƙwasuwa kamar roba, wannan ƙarancin bitamin D3 ne ko rashin daidaito tsakanin kalshiyam da fosfaras. Idan jijiyar bayan gwiwa ta goce daga mazauninta ƙafa ta juya waje, ana duba ƙarancin sinadaran abinci da ake kira manganis da kolin, kuma da wuya ta koma idan ta daɗe. Yatsun da suka dunƙule ciki alamar ƙarancin B2 ne, wanda wannan ruwan zai iya taimaka wa. Amma idan ka ga zawo kore, ido da hanci na zubar ruwa, wuya na karkacewa, tsuntsu ya kwanta rigingine yana harba ƙafa, ko kuma suna mutuwa farat ɗaya, ka ajiye bitamin ka nemi likita a ranar, ƙwayar cuta ce ko guba. 'Yan agwagi sun fi kusan duk tsuntsayen gida saurin cutuwa da gubar abincin da ya yi fumfuna. Haka kuma abincin kaji masu ƙwai, da kalshiyam ɗinsa kan kai kashi 4 cikin 100, yana lalata musu ƙoda.

Zan sake sayen kwalbar, kuma zan so ta kasance a ajiye tun kafin ƙwai su fashe. Amma na daina ba 'yan agwagi abincin 'yan tsaki zalla. Idan na samu wanda aka haɗa musamman don agwagi, shi nake ɗauka, in ban samu ba, garin yis yana shiga mazubi tun ranar farko har su kai mako goma. Babbar tawa tana nan, na ware mata wuri mai laushi kusa da ruwa, ina kuma lura da cinta don kada ƙiba ta ƙara wa ƙafar nauyi. A ƙasa ita ce ta ƙarshe wajen isa mazubi, shi ya sa nake zuba nata daban kafin in buɗe wa sauran.