qBittorrent: manhajar da ke nuna maka wa ya haɗa ka da wa

Jama'a duk mai sauke manyan fayil a kwamfuta, irin su Ubuntu ko Linux Mint ko kayan Internet Archive, ni dai qBittorrent nake ba shi shawara ya saka, manhaja ce ta sauke fayil ta tsarin BitTorrent, inda masu saukewa ke raba fayil ɗin a tsakaninsu. Kyauta ce, ba talla ko ɗaya, ba kamar uTorrent na kyauta ba da talla ke cika maka fuska. Wani Bafaranshe ne Christophe Dumez ya fara ta a 2006, har yau kuma masu sa kai ne ke kula da ita, tana aiki a Windows da Linux da Mac.

Amma abin da ya sa na riƙe ta gam shi ne ba ta ɓoye maka komai. In ka danna fayil ɗin da kake saukewa, a ƙasa akwai wurin da aka rubuta Trackers, to nan ne za ka gane yadda harkar take tafiya. Mutane da yawa sun ɗauka tiraka ita ce ke ajiye fayil ɗin, wallahi ko ƙwayar kilobayit ɗaya na fayil ɗin babu a wajenta. Tiraka saba ce, wato wata kwamfuta a intanet, da aikinta irin na dillali, kaya ba nata ba ne, ta dai san wa ke da shi wa ke nema. Manhajarka za ta aika mata lambar shaidar fayil ɗin da adireshinka na IP da ƙofar da za a same ka, ita kuma ta maido maka da jerin wasu mutane, galibi kamar 50, da ke kan wannan fayil ɗin, daga nan ta koma gefe, kai da su ne za ku dinga musayar gutsattsari kai tsaye, kowane gutsure kuma sai an tantance shi kafin a karɓa, shi ya sa ko netwok ya yanke ko an ɗauke wuta ba ka komawa farko. Bayan wani lokaci, sau da yawa minti 30, manhajar ta sake leƙa tirakar ta ce ina nan. Duk wannan qBittorrent na nuna maka, wace tiraka ke aiki, wacce ta mutu, mutum nawa kowacce ta kawo. In abu ya tsaya cak akwai Force reannounce, ka danna ta sake tambaya, amma don Allah kar a yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, nauyi kake ɗora wa sabar mutane.

To in tirakar ta mutu fa? Abin da ya kashe Napster, wata tsohuwar manhajar musayar waƙoƙi, kenan a 2001, duk jerin fayilolin na kan sabobin kamfanin, kotu na matsa musu lamba aka kashe su komai ya tsaya. A shekarar ne Bram Cohen ya fito da BitTorrent, daga 2005 kuma aka shigo da DHT, inda kwamfutocin masu saukewa ke raba aikin dillancin a tsakaninsu. A saman jerin Trackers ɗin nan za ka ga DHT da PeX da LSD, PeX shi ne wanda kuka haɗu ya gaya maka waɗanda ya sani, LSD kuma na neman na kusa da ke kan wayfay ɗaya da kai. Na sha ganin tiraka ta ƙi amsawa amma fayil na ta sauka ta hanyar DHT.

Inda ba ta gamsar da ni ba, babu ta a Android daga masu ita, ga saitin ya yi yawa, sabon shiga zai ruɗe. Sannan mu masu amfani da datar waya yawanci adireshi ɗaya muke rabawa da tarin mutane, saboda haka wasu ba sa iya ƙwanƙwaso mu, sai dai mu mu neme su, gudun ya ragu, wannan kam ba laifin manhajar ba ne. Kuma a sani, kana saukewa kana kuma turawa wasu, data na tafiya ta ɓangare biyu, ka shiga saiti ka sa iyaka tun farko. Adireshinka ma duk wanda ke kan fayil ɗin yana ganinsa.

In kana da wayfay mara iyaka, ka daure ka bar fayil ɗin a buɗe bayan ya gama sauka, domin in kowa ya rufe tiraka ba ta da wanda za ta haɗa na baya da shi.