Sayen tsohon garmaho da amfilifaya ta intanet daga Kano: inda ake dacewa da inda kuɗi ke salwanta

Kayan sautin da kamfanonin Japan, Jamus da Ingila suka ƙera daga 1970 zuwa farkon shekarun 1980 sun dawo kasuwa, kuma yawancin cinikinsu yanzu a waya ake yi. Mutum yana zaune a Gwammaja ko Hotoro zai ga Pioneer mai farar fuska a Facebook, ko Technics a Jiji, ko Sansui a eBay, ya tura kuɗi ya zauna jira. Kayan sun cancanci a wahala a kansu. An yi su da ƙarfe da manyan taransifoma, kuma kusan duk abin da ke cikinsu mai gyaran rediyo yana iya cirewa da dalma ya sauya, abin da ba ya yiwuwa da yawancin kayan yanzu. Sai dai wanda ya saya da ido kawai yakan yi asara, kuma asarar ta wuri uku take shigowa: wuta, ɗaurin kayan wajen turowa, da hannun da ya taɓa buɗe kayan kafin su iso.

Mai talla kullum fuska yake ɗauka, fitilu a kunne, maɓallai suna sheƙi. Hoton da za ka fara nema shi ne na baya, inda aka rubuta irin wutar da na'urar ke ci. Tamu bolt 230 ce mai bugun 50Hz, wato tana kai da komo sau hamsin a daƙiƙa, don haka abin da aka yi wa Ingila da sauran Turai ya dace da mu kai tsaye. Na Amurka 120 ne da 60Hz, na cikin gidan Japan kuwa 100. Akwai waɗanda aka ƙera don ƙasashe daban-daban, suna da ɗan makunnin zaɓen wuta a baya ko a ƙarƙashin farantin garmaho. Su ne abin nema, amma a duba inda aka saita shi kafin a jona. Wanda ya soka ɗan Amurka a soket ɗin bango, in ya yi sa'a fis ne zai tafi. In bai yi ba taransifomar ciki ce za ta ƙone, kuma irinta ba a samu a kanti.

Taransifomar rage wuta da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari yawancinta 110 take fitarwa. Ta ishi kayan Amurka, amma ta yi wa ɗan Japan mai 100 yawa, zai riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima, balle ranar da wuta ta zo da ƙarfi. A nemi mai fitar da 100 sak, ko a sa mai naɗi ya naɗa. Girmanta ya zama ninki biyu na wat ɗin da aka rubuta a bayan amfilifayar.

Ga wurin da ko masu gyara suke mantawa: taransifoma bolt kawai take sauyawa, ba ta taɓa bugun wutar. Garmaho mai bel irin Pioneer PL-12D ko Thorens TD 160, motarsa, wato ɗan injin da ke juya faranti, bugun wuta take bi wajen gudu. In an yi shi don 60Hz aka kawo shi nan, farantin da ya kamata ya juya sau 33⅓ a minti zai dawo kusan 28. Muryar mawaƙi za ta yi kauri, kiɗa ya riƙa jan ƙafa, kuma babu sukurun da za a murɗa ya gyaru sai an samo kan motar, wato ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa, wanda aka yi don 50Hz. Ko wanda ya dace da wutarmu ma, da zarar an koma kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka, sautin zai bi shi yana lilo. Shi ya sa a Kano garmahon da ba shi da bel, wanda motarsa ke juya faranti kai tsaye kuma an rubuta Quartz a jikinsa, ya fi kwanciyar hankali, don shi agogon cikinsa yake bi. Technics SL-1200MK2 na 1979 shi ne sananne, farashinsa kuma ya nuna hakan. Ƙannensa irin SL-Q2 da SL-Q3, ko jerin JVC masu harafin QL, suna yin aikin sauraro a gida da kuɗi ƙasa da haka sosai. Kuma a sani, yawancin SL-1200 da ke yawo sun sha wuya a hannun masu kiɗan biki da kulob, don haka sunan kaɗai bai isa a biya tsada ba.

Masu sayarwar kansu iri uku ne, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Mafi alheri shi ne mutumin cikin gari da ya sa kayan mahaifinsa a Facebook ko Jiji. Sau da yawa na'urar ta shekara ashirin a ɗaki ba a kunna ba, ƙura ta cika ta, bel ya narke, amma wutarmu take ci tun asali, kuma za ka iya zuwa da faifanka da lasifikarka ka gwada. Gani ya kori ji. Jiji da Facebook allon talla ne, cinikin tsakaninka da mai kaya ne, saboda haka ba a tura kuɗi kafin a ga kaya, komai daɗin bakin mai shi.

Na biyu su ne 'yan kayan Beljiyam na Legas, na wajen Alaba, masu turowa ta mota. Suna da kaya da yawa, kuma yawanci na Turai ne, wanda ya raba ka da matsalar wuta. Rauninsu shi ne gwajinsu bai wuce fitila ta kama ba, kuma ɗaurinsu na talabijin ne. Amfilifaya tana jure wannan tafiyar. Garmaho ba ya jurewa sai an tsaya a kansu.

Na uku shi ne ƙetare, eBay da gwanjon Japan da ake shiga ta hannun kamfanonin dillanci irin Buyee. A nan ake samun kaya mafi tsafta da bayani mafi gaskiya, amma nauyi ne ke cin kuɗin. Sansui AU-717 ta haura kilo 17, SL-1200MK2 ya haura 12, kuma in aka haɗa jirgi da kwastam sau da yawa kuɗin kawowa yana kamo kuɗin kayan ko ya wuce. Mayar da kaya daga Kano in ba su yi ba kusan magana ce kawai. Duk tallan da aka rubuta ba a gwada ba, ko na kayan gyara ne, a ɗauke shi a matsayin matacce, a yi tayin matacce.

In garmaho yana nesa, bidiyo ne zai tsaya a madadin hannunka, kuma bidiyon da ka tsara, ba wanda mai kaya ya ga dama ba. Ya manna 'yar takarda a gefen faranti ya kunna a 33, ka ƙirga: juyi 100 cif a minti uku. Ya sauya zuwa 45 ka ga ya amsa nan take. Ya ɗauki farantin daga gefe, kusa, don ka ga ko yana tashi yana sauka. Sannan hannun garmahon mai riƙe da allura, wanda shi ne ya fi komai wuyar gyara: a murɗa nauyin baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, a hura masa iska kaɗan. Lafiyayye zai tafi sumul ya tsaya a hankali. In ya cije a hanya, ko kuma in an kama shi yana ƙas-ƙas a gindi, ƙananan boris ɗinsa sun tafi, a haƙura da shi. Masu sarrafa kansu irin tsofaffin Dual, man da ke cikin injinsu yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, don haka a ga hannu ya ɗaga, ya sauka a bakin faifai, ya dawo mazauninsa sau biyu ko uku a jere.

Garmahon da ya wuce duk wannan yana iya mutuwa tsakanin Legas da Kano. Faranti mai nauyi in aka bar shi a kan sandarsa, kowane rami sai ya daki boris ɗin tsakiya, wani lokaci ya fice ya share hannu ya fasa murfi. Dole a cire faranti da tabarmar robarsa a naɗe su daban a ƙasan kwali. A cire nauyin bayan hannu, don shi ke karya wutsiyar hannun. A cire kan allura a sa a ƙaramin akwati, a ɗaure hannun a mazauninsa da zare ko 'yar waya mai laushi. Murfin roba a naɗe shi shi kaɗai. Masu zama a kan sifirin irin Dual suna da sukurorin tafiya da ake ɗaurewa. Kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da soso mai kaurin santimita biyar a kowane gefe. Ka nemi hoton kowane mataki kafin a rufe, ka biya kuɗin kwalin daga aljihunka in ta kama. Mai kayan da ya ce ba komai, haka yake turawa kullum, ba shi ne naka ba.

Allurar da ta zo da tsohon garmaho ba a yarda da ita ko da ta yi kyau a ido. Lu'ulu'un bakinta yana cinyewa bayan awa ɗari uku zuwa dubu gwargwadon irinsa, kuma cinyayyar allura sassaƙe faifai take yi, abin da ta cire ba ya dawowa. A sa kuɗin sabuwa cikin lissafi tun farko. Audio-Technica AT-VM95E tana da sauƙin samu, nauyin giram 2 take so ta danna faifai da shi, kuma a auna da ƙaramin sikelin allura maimakon a ɗora kwabo a kai kamar yadda ake yi a da. Shure sun daina yin kan allura tun 2018, don haka mai tsohon Shure sai dai ya nemi allurar wasu kamfanoni. Mai faifan EMI ko Decca na 33 da 45 wannan ta ishe shi. Amma tsofaffin faifai masu nauyi masu fashewa, na gudun 78, allurarsu daban ce mai kauri, kuma garmaho da yawa, har da SL-1200MK2, ba su da wannan gudun sam.

A amfilifaya, fara duba ko akwai mashigar da aka rubuta PHONO da ɗan sukurun GND kusa da ita, inda ake ɗaura siririyar wayar da ke fitowa daga garmaho. Sautin da kan allura ke fitarwa bai wuce milibolt 3 zuwa 5 ba, kuma an rage masa kauri an ƙara masa siranta tun wajen yanka faifai, sai wannan mashigar ta mayar da shi daidai. In aka soka a AUX, siririn sauti za a ji can nesa. In aka manta wayar GND, gurnani ne zai cika ɗaki.

Daga nan sai a roƙi hoton ciki, murfi a buɗe. Kondensar da kanta ya kumbura ko ta yi yoyo a gindi ta gama aiki. Baƙin tabo a allo yana nuna an taɓa gobara a wurin. Fis da aka naɗe da zaren waya, ko taransisto na hagu da ba su yi kama da na dama ba, shaida ce wani ya yi gyaran gaggawa. Kowane gida da ciwonsa. Sansui AU-717 na 1977, mai wat 85 a kowane ɓangare, gam ɗin da aka liƙa kondensoshinta da shi yana yin duhu ya ci ƙafafun abin da ke kusa, sai an kankare shi. Pioneer SX-780 tana amfani da STK-0050, dunƙulen taransistocin da ke tura sauti zuwa lasifika, an daina yin na asali, jabu kuma ya cika kasuwa. Taransisto 2SC458 da ke cikin kayan Japan da yawa na wancan zamani yana kawo ƙarar tas-tas da huci, ana maye shi da KSC1845, a kula da jerin ƙafafu kafin a dasa. NAD 3020 na 1978 wat 20 kawai aka rubuta mata, amma tana cika falo da lasifika masu kyau, kuma gyaranta ba ya ba da wahala. Ga mai farawa ta fi manyan da ake rububi.

Ranar da amfilifayar ta iso kada a jona lasifika mai tsada. Mai gyara ya kunna ta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 da aka jera a layin wuta. Ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, wuta ta haɗe a wani wuri a ciki, kuma ƙwan ya ceci taransifoma. Mai rile, wato ɗan makunnin ciki da ke kare lasifika, za a ji ƙas bayan daƙiƙa kaɗan. Sai a sa mita a bakin fitar lasifika, murya a ƙasa: ƙasa da milibolt 50 ba damuwa, sama da 100 a daidaita, in kuwa ana maganar bolt ne to za ta ƙona lasifika. Maɓallin murya mai ƙarar yashi datti ne kawai, a fesa masa maganin wanke makunni na lantarki, kada a bari a ɗura masa fetur ko man inji.

Abin da ya rage na garinmu ne. Ƙurar hunturu tana shiga ramin faifai, busasshiyar iska kuma tana sa faifan ya riƙa jan ta, don haka murfi a rufe, buroshi mai laushi kafin kowace kunnawa. Zafin Maris da Afrilu yana lanƙwasa faifan da aka bari a mota ko aka jibge a kwance, a tsaye ake jera su nesa da taga. Zafin ne kuma ke narkar da bel. In ya narke a goge ragowar da sifirit, a zagaya zare a hanyarsa a auna, a sayi wanda ya gaza haka da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Sandar tsakiya ɗigo biyu na man keken ɗinki ya ishe ta. Amfilifaya a bar mata sarari a sama, kada a ɗora komai a kan ramukan iskarta, a haɗa ta da sitabilaiza mai jinkirin kunnawa saboda dawowar wuta da ƙarfi. Mai inbata ya tabbata tasa mai tsaftatacciyar wuta ce, don mai arahar tana sa taransifoma kuka da zafi. Kuma cikin kuɗin da aka tanada, a ware kashi ɗaya cikin uku don allura, bel, kondensa da ladan mai gyara, a samo mai gyaran kuma a nuna masa hotunan cikin kafin a tura wa mai kaya ko sisi.