Gargaɗi: Masu "shayin wanke hanta" da na'urar gwajin bogi

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura. Don Allah wanda ya karanta wannan ya isar wa na gida, musamman iyayenmu da ba su shiga Facebook.

Akwai wasu mutane da ke yawo da mota mai lasifika, suna tsayawa bakin tasha da wajejen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga, ranar kasuwa kuma su nufi ƙauyuka. Suna da wata 'yar na'ura haɗe da kwamfuta. Za a ba ka wani ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, kafin minti 2 a ce hantarka ta kumbura, ko a ce kana da ciwon hanta nau'in B. Daga nan sai a fiddo kwalin shayi, a ce kwali 3 za su wanke cutar tas. Wasunsu ma ba su fitowa, ta WhatsApp da TikTok suke talla, ka tura kuɗi a aiko maka a mota.

Ƙarya ce. Ba a gane ciwon hanta nau'in B sai an ɗebi jini an gwada. Ƙarfen da aka riƙe a hannu bai ganin komai, duk wanda ya riƙe shi sai an samo mashi cutar da maganinta ke cikin motar.

Ni ba ina zagin maganin gargajiya ba ne. Mun tashi mun ga kakanninmu na jiƙa saiwar rawaya in yaro ya yi shawara, ga zogale da zoɓo da citta da muke sha kullum. Amma mai magani na unguwa kowa ya san gidansu, ya san abin da ya jiƙa. Wannan garin da ke cikin kwali ba wanda ya san me aka niƙa a ciki, kuma hantar da ta riga ta jikkata ita ce za ta tace shi. In cutar B ta zauna a jiki, har yau babu shayin da aka tabbatar yana fitar da ita. A asibiti ma danne ta ake yi da ƙwaya irin su tenofovir, don kada ta kai ga ƙanƙancewar hanta ko ciwon daji.

Abin da ya fi tada mani hankali shi ne yadda suke cewa a ajiye maganin asibiti, wai yana karya ƙarfin shayin. Wanda ke shan tenofovir in ya yanke shi kwatsam, cutar na iya tasowa da ƙarfi har hanta ta gaza. Sannan mutum ya sha kwali 3, a sake ba shi ƙarfen ya riƙe, a ce ya warke. Shi ke nan ya saki jiki, ba a gwada matarsa ba, ba a yi wa 'ya'yansa rigakafi ba. Cutar kuwa tana iya shekaru ba ta nuna alama, kuma binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ita.

Za su nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ko da ta gaskiya ce, lambar maganin gargajiya da ke ƙarewa da harafin L ba shaidar warkarwa ba ce, izinin sayarwa ne bayan an duba ba ya cutarwa. Balle wanda aka liƙa mashi lambar wani kayan.

Wanda ke da shakku a kan hantarsa ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko asibitin gwamnati a Daura a gwada jininsa. In an samu cutar, a gwada mutanen gida, wanda bai kamu ba a yi mashi allurar rigakafi. Jariri kuma a yi mashi tasa cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Wanda ya riga ya saya, ya daina sha, ya tafi wurin likita da kwalin a hannu, ya kuma kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha.