Dracula Daily: Tsoron da Ke Zuwa a Kan Kwanan Wata

Dracula Daily hidima ce ta kyauta da Matt Kirkland ya fara a 2021. Tana turo littafin Dracula, wanda Bram Stoker ya fitar a 1897, ta imel, gutsure-gutsure, daga 3 ga Mayu zuwa farkon Nuwamba. An gina littafin ne da wasiƙu, kundin ajiyar sirri, telegiram da yankakkun labaran jarida, kowanne da kwanan watansa, don haka kowane saƙo yana isowa ne a ranar da abin ya faru cikin labarin.

Babban ƙarfin tsarin shi ne jira. Jonathan Harker, matashin lauyan da Dracula, dodo mai shan jini, ya tsare, ya yi rubutunsa na ƙarshe a fadar dodon a 30 ga Yuni, daga nan ɗif, sai wasiƙar da aka rubuto daga asibiti a Budapest ranar 12 ga Agusta. Mai riƙe da littafi zai tsallake wannan giɓi cikin awa guda. Mai karɓar imel kuwa sai ya yi mako shida yana zulumi tare da Mina, wadda Harker zai aura. Haka ciwon Lucy, ƙawar Mina, a watan Satumba: ƙarin jini har sau huɗu, kowanne da ɗan sauƙi a bayansa, sannan a koma gidan jiya. Wannan hawa da sauka ya fi ratsa zuciya idan kwanaki na gaske ne tsakani.

Amma jera labari bisa kalanda yana ɓata wata dabara. A littafin, jirgin ruwa Demeter, wanda ya ɗauko dodon, yana fara isowa garin Whitby na Ingila da gawar kyaftin ɗaure a sitiyari, sai daga baya a karanta kundinsa. Ka riga ka san ƙarshen, don haka kowane matuƙi da ya ɓace yana ƙara nauyin abin da ba makawa. A imel kundin ne ke riga zuwa, sai fargabar ta koma ta “me zai faru gobe”, wadda ba ta kai waccan zurfi ba.

Sashen farautar dodon ma yana wahala. Ƙarshen Satumba Mina ta buga dukkan takardun da tafireta, mafarautan suka fara bin akwatunan ƙasa 50 da dodon ke kwana ciki. Nan saƙonni ke cunkushewa. Na 3 ga Oktoba kaɗai ya ɗauki babi da yawa, kuma Gmail kan datse dogon saƙo, sai an danna mahaɗin da ke ƙasa kafin a ga sauran. A ware wa wannan rana lokaci.

Turancin na ƙarni na 19 ne, ga karin harshen dattijon Whitby mai wuyar fahimta. Marubucin da ke son koyon sarrafa jinkiri zai amfana sosai, muddin ya fara karanta littafin a tsarinsa na asali, sannan ya yi rajista kafin 3 ga Mayu.