MUI, Bootstrap ko Tailwind, wanne zai daidaita maka rubutun shafi?

Akwai wani websayit da na taɓa karɓa a hannun wani in ƙarasa, ina buɗe fayil ɗin CSS, wato inda ake tsara kamannin shafi, sai na tarar kanun shafin farko fikzel 32 ne, na biyu 30, na uku 34 kuma har da ƙarin kauri, kowane shafi da nasa kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ba wai mutumin bai iya aiki ba ne fa, girman kawai yake rubutawa da hannu duk inda ya je, in ya manta na jiya sai ya ƙiyasta. Maganin wannan shi ne a ajiye girman rubutu da kaurinsa da tazarar layi a wuri guda, kowane shafi ya riƙa ɗiba daga can. To amma wanne kayan aiki za ka ɗauka?

In dai React kake amfani da shi, wato laburaren JavaScript na gina shafuka, MUI ne za a fara nuna maka, tarin sassan shafi ne da aka riga aka haɗa wa React, su ake kira kwamfonen. Yana da kwamfonen mai suna Typography, ka ba shi variant kawai, wato irin rubutun da kake so, daga h1 babban kanu zuwa h6 ƙarami, ga body1 da body2 da caption da sauransu, in ka canza abu a createTheme, inda ake ajiye tsarin gaba ɗaya, duk shafukan su bi. Abin da ya fi burge ni shi ne ya raba kamanni da ma'ana, wato za ka iya cewa variant="h4" amma component="h1", ido ya ga matsakaicin kanu, shi kuma Google da manhajar da ke karanta wa makafi shafi su ga babban kanu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da yawanmu h3 muke sakawa saboda girmansa ya mana, ba don nan ne wurinsa ba. Sai dai ka shirya, h1 ɗinsa 6rem ne, fikzel 96 kenan, a sikirin ɗin waya kalma biyu ta cinye wurin tas, dole ka rage shi ko ka kira responsiveFontSizes mai daidaita girman da sikirin. Sannan font ɗin Roboto yake nema, wato wani salon haruffa, amma ba ya zuwa da shi, kai za ka ɗora da kanka, in ka manta sai burauza ta koma Helvetica ko Arial kana ta mamakin me ya sa naka bai yi kama da na misalinsu ba.

Bootstrap kam tsohon hannu ne, tun 2011 Mark Otto da Jacob Thornton suka fito da shi daga Twitter, kuma ba ruwansa da React, HTML zalla ma ya ishe ka. Ka rubuta h1 ya fito kusan 2.5rem a babban sikirin, ya ɗan ragu da kansa a waya, ga lead na sakin layin buɗewa, ga display-1 zuwa display-6 in kana son ƙaton rubutu. Font ɗin na'urar mai karatu yake ɗauka, don haka ba jiran saukar komai. Matsalarsa ɗaya, in ba ka taɓa Sass ɗinsa, wato fayilolin da ake haɗa CSS ɗinsa daga su, ka canza wani abu ba, duk wanda ya san harkar kallo ɗaya zai ce wannan Bootstrap ne.

Tailwind kuwa nan ne nake da magana. Yana fara aiki sai ya share duk kamannin da burauza ke ba kanu, h1 da p na sakin layi su fito girma ɗaya, sabon shiga ya ɗauka wani abu ya lalace, alhali da gangan ne. Kai za ka jera text-xl da font-bold da sauransu, kuma wallahi in ba ka yi hankali ba ciwon can na farko ne zai dawo da sabuwar riga, nan text-2xl can text-3xl. Dole ka zauna ka haɗa naka kwamfonen na kanu da na sakin layi, ka hana kanka rubuta girma a wani wuri daban. Amma akwai inda ya kere sauran, in rubutun ba kai ke buga shi a kod ba, daga Markdown yake zuwa, wato rubutu mai 'yan alamomi da ake juyawa zuwa HTML, ko wani edita ne ke shigarwa, ai ba ka da damar bin kowane layi kana liƙa masa variant. Nan sai ka saka @tailwindcss/typography, ka lulluɓe rubutun da class ɗinsa mai suna prose, shikenan kanu da jeri da tebur duk su daidaita, har faɗin layi ya tsayar a wajen haruffa 65 don kar ido ya gaji.

Ant Design in dashbod kake ginawa ka leƙa shi, Typography ɗinsa na da copyable da editable da ellipsis, wato kwafa da gyara a wurin da datse dogon rubutu, a shirye suke. Chakra UI na Segun Adebayo shi ma yana da Heading da Text, ya fi MUI sauƙin lanƙwasawa a ganina.

Ni dai ba na jawo laburare guda sukutum saboda rubutu kaɗai. In maɓallai da fom ɗinka na MUI ne, ka zauna a MUI, haɗa biyu rigima ce. In ƙaramin shafi ne ma, CSS variables, wato sunayen da kake ajiye girma a cikinsu, guda shida ko bakwai sun gama maka aikin. Kuma duk wanda ka zaɓa, kafin ka miƙa aiki ka buga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a kanu da cikin sakin layi, mai kauri da marar kauri, ka buɗe a waya ka gani, don in font ɗin ba shi da su burauza arowa take daga wani font, sai ka ga harafi ɗaya ya yi tsuru a tsakiyar kalma.